Sai-Ni da Ramin Bakin Layi

A layinmu akwai wani mai wankin mota da muke kira Sai-Ni. Ba daga gida ya zo da sunan ba, bakinsa ne ya raɗa masa. In fankar mai aski ta tsaya, sai shi. In kazar maƙwabta ta daina ƙwai, sai shi. Ko jirgin sama ne ya wuce yana rugugi, zai ɗaga kai ya yi tsaki ya ce, "Direban nan bai iya sa giya ba. Wannan aiki sai ni." Mutumin kirki ne, wannan kam ba zan rage masa ba, amma da cika baki yana cika ciki, da tumbinsa ya fi tankin ruwan da yake wanki da shi.

Abu ɗaya ne ya gagare shi, shi ne rami. A bakin layi, daidai inda ake karyo kwana daga babban titi, ƙasa ta burma tun wata damina, ruwan kwata ya samu masauki ya zauna. Da farko taku ɗaya ake yi a tsallake shi. Da tafiya ta yi tafiya, sai ya zamana in akuya ta faɗa ciki sai an nemo igiya. Masu mota suka daina shigowa, wanda bai shigo ba kuwa ba a wanke masa mota. Sai-Ni ya koma wanke kekensa safe da yamma don kada hannu ya manta sana'a.

Mutum ɗaya ne ramin ya yi wa rana, wato mai faci da ke zaune a gefensa. Duk baƙon direban da ya yi gangancin ratsawa, tayarsa a hannun mai faci take ƙarewa. Kullum da safe sai ya leƙa ramin kamar mai duba gonarsa, ya koma benci yana murmushi.

Wata rana matar Sai-Ni ta ajiye masa shayi, ta jawo kujera ta zauna, abin da ba ta yi sai in magana ta yi nauyi.

"Baban yara, na yi magana da ƙanena. Yana neman mai taya shi sauke gwangwanayen fenti a shago. In damina ta faɗi babu mota a ƙofarka, can za ka."

"Ni? Yaron da na koya wa hawa keke? Shi zai dinga aikena?"

"Zamanin keke ya wuce, yanzu mota yake hawa. Kuma tukunya ba ta dafa labari."

Ƙanin nata kuwa ya samu abin wasa. Duk yamma sai ya ajiye motarsa a hayin rami, ya tako da ƙafa ya ce, "Yaya, zan ba tela ɗinkin rigar aiki. A sa maka aljihu ko a bar ta haka?" Sai-Ni yakan yi dariyar yaƙe, amma abin yana ci masa rai ƙwarai. Ya gwammace a aske masa gira da ya tsaya a shagon ƙanin matarsa ana aikensa.

Ana cikin haka, wata yamma muna shagon mai aski muna kallon labarai, aka nuno wata wakiliyar gidan talabijin na garinmu. Ita ce mai bin labarin tituna da kwatoci da famfunan da suka fashe. Ta gama rahoto a kan wata gada da aka gyara bayan ta nuna ta, sannan ta ce, "Duk wanda ke da irin wannan matsala a unguwarsu ya aiko mini da saƙo gajere: me ya faru, a ina, wa abin ya shafa, da hoto. Sannan don Allah, kafin mu zo…"

Ba mu ji sauran ba, domin Sai-Ni ya miƙe tsaye da kumfar aski a rabin fuska.

"Wannan yarinyar? Ai a hannuna ta girma! Ni na fara ce mata muryarta ta talabijin ce!"

Mai aski ya ce, "To ka kawo mana ita mana. Zauna in gama, kada in tafi da kunne."

"Kawo ta? Waya ɗaya zan buga. Ku dai ku tanadi wankakkun kaya. Wannan aiki…"

"Sai kai," muka ƙarasa masa gaba ɗaya.

Ya matsa jikin talabijin yana kwafar lambar da ke gudu a ƙasan allo. Mai faci ya ce, "A hannunka ta girma, kuma ba ka da lambarta?"

"Manya suna yawan canza layi. Kai ina za ka sani?"

Ya danna saƙon murya ya fara da gaisuwa. Ya gaishe ta, ya gai da shugaban gidan, ya gai da mai share ofis. Daga nan ya shiga tarihin kansa tun daga ranar haihuwa, har da yadda ya taɓa wanke motar wani babban mutum, mai ita ya fito ya kasa gane ta. Waya ta ɗauki zafi, batir ya mutu, bai kai ga rami ba. Da ya yi caji ya tura abin da ya samu, ya jira amsa, shiru. Sai ya ce dama manyan maganganu ba a yin su ta waya, ya sa kayansa na fita kunya, ya hau keke.

Gidan talabijin ba yadda ya zata yake ba. Ɗaki ne mai faɗi cike da tebura, wayoyin lantarki sun warwatsu a ƙasa, kowa ya manna waya a kunne, ba mai kallon kowa. Ya nufi tebur na farko, inda wani saurayi ke kallon ƙwallo a ƙaramin allo.

"Na kawo muku labarin shekara. Rami!"

"Baba, ni fannina wasanni ne."

"Madalla! Ai wasa ne. Samarin layinmu kullum gasar tsallake shi suke yi."

"Wa ke ci?"

"Ramin ne ke ci."

Saurayin ya nuna masa tebur na gaba. Can wata mai tabarau ta ce ita harkar lafiya take bi. Nan take Sai-Ni ya dafe ƙirji ya fara tari, ya ce sauron ramin nan da hannu yake ɗaga gidan sauro ya shiga. Ta ba shi shawara ya je asibiti. Mai labarin kasuwa ya tambaye shi farashin me ya tashi, ya ce farashin faci. Har mai hasashen yanayi bai tsira ba, domin Sai-Ni ya tabbatar masa in yana son sanin ko an yi ruwa, ramin ya fi na'urarsa gaskiya. Kowa dai amsarsa ɗaya, ba fannina ba ne. A ƙarshe aka ce ya je baranda ya jira mai labarin titi.

A bencin baranda akwai wata mata da hular rana da dogon takalmin roba duk taɓo, tana cin biskit. Sai-Ni kuwa ba ya zama kusa da kunne ya bar shi ya huta.

"'Yata, ke ma ita kike jira? Kada ki damu, in ta fito zan sa miki baki. A hannuna ta girma."

"Allah, Baba?"

"Ƙwarai kuwa. Tana ƙarama kuka gare ta, ni kaɗai ke iya rarrashinta. Sai dai tsakanina da ke, a talabijin hoda ce ke taimakonta. A fili ba ta kai haka ba."

Matar ta karkaɗe hannunta, ta cire hula. "To Baba, ga ni a fili. Me ke tafe da kai?"

Da wani ne, da ya so ƙasa ta tsage ya shige. Sai-Ni ƙifta ido kawai ya yi. "Tun daga nesa na gane ki, gwada ki nake. Kai, kin girma!"

Ta yi dariya har ta ƙware. "Kai ne mai saƙon muryar nan ko? Na saurara har na iso inda aka yaye ka, sai aiki ya taso. Yanzu faɗa mini a jimla uku. Me ya faru, a ina, wa ya shafa?"

"Jimla uku? 'Yata, gaisuwa ma ba ta shiga jimla uku. Tun zamanin da…"

"Akwai hoto?"

Akwai hotuna, da yawa ma. Sai dai duk Sai-Ni ne a ciki. Ga shi ya riƙe ƙugu, ga shi yana nuni da yatsa, ga shi ya harɗe hannu yana kallon nesa. Ramin yana bayansa, ya tare shi kaf. Sai a hoto na ƙarshe ta buɗa allon da yatsu, ta hango gefen rami ta tsakanin ƙafafunsa, da wata motar kaya da ta karkace a ciki. Fuskarta ta canza.

"Wannan fannina ne. Ranar Laraba da hantsi zan zo in gan shi da idona."

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, amma Sai-Ni ya riga ya kai bakin ƙofa yana neman wanda zai fara ba labari.

Ya dawo layi yana buga ƙararrawar keke tun daga titi. A cewarsa, da ta gan shi sai da ta rusuna har ƙasa, shugaban gidan kuma ya roƙe shi ya karɓi aiki ya ce ba shi da lokaci. Nan take ya naɗa kansa shugaban kwamitin tarbar baƙi. Aka share layi, aka kwashe bola, aka kora awaki. Ya karɓo farin fenti daga shagon ƙanin matarsa, aka shafe gindin bishiyoyi da duwatsu, har da wani zakara da ya gifta a lokacin da bai dace ba. Sannan ya jera mu ya koya mana magana.

"In an sa muku abin magana a baki, kada wanda ya zubar mana da mutunci. Duniya ce ke kallo. Ba kuka, ba ƙorafi. Murmushi, sannan ku ce lafiya lau, mun gode. Sauran bayani a bar mini."

Ana gobe za su zo, ya tsaya ya ƙare wa layi kallo. Fes, kamar an lashe. Sai idonsa ya sauka a kan rami, baƙi ƙirin, yana wari, robobi suna iyo a kai. Ransa ya ɓaci.

"A'a. Ba za mu yi baƙi daga talabijin su tarar da wannan ƙazanta a ƙofarmu ba. A rufe shi."

Matarsa da ke tsaye da tsintsiya ta ce, "Baban yara, ba shi za su zo gani ba?"

"Ke ba ki san aikin jarida ba. Bayanin ramin za su zo ji, bayanin kuwa yana bakina. In kin yi baƙo, kwandon shara kike ajiye masa a tsakar ɗaki?"

"In mai kwasar shara ne baƙon, eh."

Bai saurare ta ba. Mu kuma maganarsa ta shige mu, don wa ke son a nuno layinsu yana wari? Mai faci kuwa, abin nema ya samu. Mutumin da bai taɓa ɗaga tsinke don layi ba, ranar shi ya kawo tsofaffin katakai da kwanon rufi, yana ta cewa, "Gaskiyarka, shugaba, mutunci ya fi komai." Aka gicciya katakai, aka ɗora kwano, aka zuba yashi aka baje. Sai-Ni ya sa aka ɗauko kafet ɗin falonsu aka shimfiɗa a kai, matarsa tana bin mu da harara, aka jera kujeru a gefe da tukwanen fulawar roba.

Laraba da hantsi farar motar talabijin ta tsaya a babban titi. Wakiliyar ta fito da takalminta na roba, mai ɗaukar hoto yana biye da ita da kyamara a kafaɗa. Muka yi tafi. Ta dubi layi, ta dubi wayarta, ta sake duban layi.

"Baba, ko mun yi ɓatan kai ne? Ina ramin?"

Sai-Ni ya gyara tsayuwa, ya zaro takardar jawabi. "Saboda girmanku, 'yata, mun kawar da shi daga ido. Da farko, a madadin ni kaina…"

"Kun kawar da shi?"

"Na wucin gadi ne. Kuna tafiya za mu buɗe."

Ta dafe goshi. "Baba, kullum a ƙarshen shirina ina roƙon kada a taɓa komai kafin mu zo. Talabijin ido ne. Me zan nuna wa hukumar tituna, kafet?"

Mai aski ya matso kusa da Sai-Ni. "Wato abin da take faɗa ke nan ranar da ka tashi da kumfa."

Ta dai daure, ta miƙa wa tela abin magana. "Malam, yaya ramin nan ya shafi rayuwarku?"

Tela ya washe baki yadda aka koya masa. "Lafiya lau, mun gode."

Ta juya ga mai aski, shi ma lafiya lau, ya gode. Ta juya ga mai faci, shi kuwa har da ƙari. "Ranki ya daɗe, ni tun da nake ban taɓa ganin rami a layin nan ba."

Wakiliyar ta dubi agogo, ta ce wa mai ɗaukar hoto ya tattara kaya, akwai famfon da ya fashe a bayan tasha yana jiran su. Ƙanin matar Sai-Ni ya kai baki kusa da kunnensa, amma da muryar da kowa zai ji.

"Yaya, da sassafe muke buɗe shago. Ba na son makara."

Nan ne hankalin Sai-Ni ya tashi da gaske. Ya hango kansa da gwangwanin fenti a ka yana bin bayan yaron nan. Ya yar da takardar jawabi, ya ruga ya sha gabansu.

"Akwai rami! Na rantse akwai rami! Zurfinsa ya kawo nan!" Ya nuna wuyansa. "Tela, faɗa mata gaskiya!"

"Kai ka ce kada mu zubar da mutunci."

"Zubar! Na ba ka izini!"

"Baba, gani ya kori ji," in ji wakiliyar, ta ci gaba da tafiya.

Sai-Ni ya koma da gudu ya haye tsakiyar kafet. "Ga shi nan! Nan, ƙarƙashin ƙafata!" Ya buga ƙafa, kwano ya amsa. "Kin ji ko? Ƙasa tana irin wannan kuka?" Da ya ga ta waiwayo sai ya ƙara ƙaimi, ya tattara ƙarfinsa ya daka tsalle ya dira da ƙafa biyu.

Katakan mai faci dama gara ta gama da su. Ƙara kawai muka ji, sai kafet ya naɗe kamar ana ɗaure ƙunshi, ya yi ƙasa da Sai-Ni da tukwanen fulawa, ruwan kwata ya taso ya yi wa 'yan sahun gaba wanka. Da komai ya lafa, babu abin da ake gani sai kai, da jar fulawar roba maƙale a kunne.

Can matarsa ta ɗora hannu a ka ta ce, "Wayyo kafet ɗina!" Sai layi ya kece da dariya, tela har da zama a ƙasa.

Wakiliyar ta dawo da sauri ta leƙa. "Baba, ka ji ciwo?"

"Lafiya lau, mun gode. An ɗauka?"

Mai ɗaukar hoto ya sosa ƙeya. Kyamara tana cikin jaka tun ɗazu.

Sai-Ni ya rufe ido, ya buɗe. "To a fitar da ni a sake shimfiɗawa, in sake faɗawa. Wannan karon zan fi yin kyau."

"Ba ma shirya labari, Baba, abin da muka tarar muke ɗauka. Yanzu kuwa na tarar da mutum a cikin rami. Tsaya yadda kake."

Aka zaro kyamara aka kunna. Ta durƙusa a bakin rami ta zura masa abin magana. Sai-Ni ya gyara murya zai fara da gaisuwa, sai ya ji wani abu mai sanyi yana hawa ta cikin ƙafar wandonsa, a hankali, kamar mai neman ɗakin haya. Idanunsa suka firfito.

"Malam, me ya faru a nan?"

"Rami ne a bakin layi!"

"Wa abin ya shafa?"

"Ni! Ya kashe mini sana'a!"

"Me kake so hukuma ta yi?"

"A fitar da ni!"

Wakiliyar ta miƙe tana murmushi. "Ka gani, Baba? Jimla uku. Ashe ka iya."

Aka jefa masa igiya muka jawo shi. Yana dira, wani ƙaton kwaɗo ya faɗo daga wandonsa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya koma gida abinsa.

Da yamma shagon mai aski ya cika har waje. Sai-Ni yana kujerar gaba, ƙugu ɗaure da tawul, domin bayansa ya riƙe. Aka nuno kansa da fulawa a kunne, a ƙasa an rubuta: Wani mutum a cikin rami.

"Wani mutum? Ni ne wani mutum? Ina sunana? Ina jawabina?"

Ba wanda ya ji shi, dariya ta hana. Kafin a gama labarai wayarsa ta fara ruri, 'yan uwan da suka manta da shi duk suka tuna. Ba a jima ba motocin hukumar tituna suka iso da tsakuwa da kwalta. Mai faci ya zuba tagumi yana kallonsu kamar gidansa ake rushewa, mai aski ya je har rumfarsa ya yi masa jaje.

Ranar da aka buɗe hanya, motoci suka jeru a ƙofar gidan wankin har babban titi. Rabinsu ba datti ne ya kawo su ba, kowa so yake ya ga mutumin cikin rami ya ce masa, "A fitar da ni!" Sai-Ni bai damu ba, in dai za ka ajiye mota, faɗi son ranka. Sai dai bayan nasa ya ƙi saki, ko bokiti ba ya iya ɗagawa. Yana zaune a kujera yana kallon na ƙarshen layi sun fara neman juyawa, idonsa ya ciko da ƙwalla. Abin ya ba mu tausayi.

Sai ga ƙanin matarsa ya shigo da mota, yana dariya tun kafin ya buɗe ƙofa. "Yaya, na zo ganin tauraro!"

Yayarsa ta fito daga gida. Ko sannu ba ta ce masa ba, ta danƙa masa bokiti da soso.

Ya dubi bokitin, ya dube ta. "Haba, ni fa mai shago ne!"

"Shago ba ya gudu, motocin nan kuwa ƙafa gare su. Naɗe hannun riga."

Babu yadda ya iya da ita, ya naɗe. Sai-Ni ya share ido, ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya a hankali saboda baya. Murya ta dawo.

"Ƙanena, daga sama ake farawa. Kada ka damu, za ka koya. Duk wanda ya zauna a ƙarƙashina sai ya zama mutum."